Maganar da Muntaka Ya Yi a Rediyo

Dokta Muntaka ya shekara goma sha ɗaya yana bincike a kan ƙwayar cuta guda ɗaya, wadda ake kira HPV, mai jawo kansar bakin mahaifa. A kanta ya yi digirinsa na uku, a kanta yake koyarwa a jami'a a Lafiya. Ko a cikin ƙwayar ma ba komai ya ɗauka ba, furotin ɗaya ya riƙe, mai suna E2, har ɗalibai suka laƙaba masa sunan a bayan idonsa. Ya san suna yi, kuma abin ba ya ɓata masa rai.

Yayarsa Batulu ba ta san mene ne E2 ba, amma duk wanda ya zauna a rumfarta a kasuwa sai ya ji cewa ƙaninta dokta ne. Ta girme shi da shekara goma sha huɗu, ita ta raine shi a garinsu Ashige bayan rasuwar mahaifiyarsu. Agushi take sayarwa da riɗi da manja. Mijinta Nababa ya rasu shekara tara da suka wuce, ba ta sake aure ba, tana zaune a unguwar Azuba a gidan da ya bari. 'Yarta ɗaya, Nasiha, tana aure a cikin gari.

A shekarar da aka fara yi wa 'yan mata allurar rigakafin wannan cuta, jita-jita ta cika gari, wai allurar hana haihuwa ce aka ɓad da kama. Wata mai gabatar da shirin lafiya a gidan rediyo, Halimat, ta gayyaci Muntaka ya zo ya wayar da kan iyaye. Ya shirya takardu shafi huɗu. Da ya isa ta duba su, ta miƙa masa abinsa.

"Dokta, minti talatin gare mu. Babu turanci, babu sunayen nan masu lamba. Ka yi magana kamar da mutanen gidanku kake."

Rabin farko ya tafi lafiya. Da aka buɗe layi, mutum na farko ya ce an biya su ne su kashe zuriyar mutane, ya kashe waya. Na biyu ya maimaita hakan da zagi. Sai ga wani dattijo mai murya a natse, ya yi sallama, ya kira Muntaka malam, ya ce shi 'ya'yansa mata na gidan mutunci ne, kuma ya ji an ce ta hanyar kwanciya ake ɗaukar cutar, to me zai kai su wurin allura?

Shi ne mutum na farko da ya yi masa magana da girmamawa, Muntaka kuwa ya so ya riƙe shi.

"Alhaji, gaskiyarka," in ji shi. "Galibi matan da ba su kama kansu ba ne ke kamuwa, masu bin maza. Macen da ta tsaya a ɗakin mijinta ba ta da abin tsoro sosai. Sai dai rigakafi, ka ga, ba a san inda rayuwa za ta kai yarinya ba."

Tun maganar tana bakinsa ya san ba haka take ba. A aji ya sha gaya wa ɗalibai cewa yawancin mutanen da suka taɓa aure ko kwanciya sukan haɗu da ƙwayar ko sau ɗaya a rayuwa, kuma miji ɗaya ya isa. Ya yi niyyar gyarawa, amma dattijon ya sa masa albarka, ya ce yanzu ya ji magana, Halimat kuma ta nuna masa agogo. Da ya fito saƙonnin yabo suka yi ta shigowa wayarsa. Ya ce a ransa in dai iyaye za su kai 'ya'yansu, ɗan zamewar harshe ba wani abu ba ne. Kafin mako ya zagayo ya manta.

Bayan nan Batulu ta fara ja da baya. Da can duk Juma'a sai ta zo gidansa da kwanon tuwon shinkafa, ta zauna da matarsa Muhibbat suna hira har la'asar. Zuwan ya koma na wata-wata, daga baya ya tsaya. In ya je Azuba takan tare shi a tsakar gida, ba ta ce ya shiga ɗaki, kuma ba ta zama a kujera mai katifa sai a kan benci. Ta rame. Ya tambaye ta sau ɗaya, ta ce shawara ce, tana shan jiƙo. Ya ce ta je asibiti, ta ce to. Lokacin jarrabawa ne, takardu sun yi masa yawa, bai sake tambaya ba.

Wata tara bayan shirin rediyon, wata Talata da hantsi, yana tsakar darasi Nasiha ta kira shi. Mama ta faɗi a kasuwa, an kai ta asibiti a keke napep.

Ya tarar da Nasiha a baranda, tana riƙe da leda mai ɗauke da zanin mahaifiyarta. Likitan da ya duba ta, Dokta Shima, abokin karatunsa ne tun sakandare, kuma daga wajensa Muntaka yake karɓar samfurorin naman jikin marasa lafiya don bincikensa. Shima ya gaishe shi, ya ce an ƙara mata jini, ta farfaɗo, sauran bayani kuma ta ce da 'yarta kaɗai za a yi. Ya dafa kafaɗarsa ya wuce.

"Me ke damunta?" Muntaka ya tambayi Nasiha.

Ba ta dube shi ba. "Jini ne, Kawu. Shekara uku da ɗaukewar al'adarta, sai ya dawo. Likita ya ce akwai tsiro a bakin mahaifa. Sun yanki kaɗan za su gwada, amma ya ce ya ga irinsa da yawa."

"Tun yaushe?"

"Ta ce ya fara kafin a yi shirin nan naka da kamar sati biyu. Ta so ta gaya maka. Ta ce ta bari ka gama da rediyo tukuna, kada ta raba maka hankali."



"Ranar nan ta ɗauki rediyonta ta kai rumfa," Nasiha ta ci gaba, muryarta ba ta tashi ba. "Ta kira matan layinsu duka, masu kifi, masu doya, ta ce su zo su ji ƙaninta. Ina wurin. Ka lissafa alamomin cutar, na ga ta daina murmushi, ban gane dalili ba. Sai ka faɗi irin matan da ke kamuwa. Matan suka yi ta cewa Allah Ya kyauta, wata ta kama sunan wata da ta mutu bara. Mama ta tashi ta ce za ta yi alwala. Yau da likita ya tambaye ta me ya sa ta daɗe haka, ta ce masa ba ta son a ce yayar dokta ce ta zo da irin wannan ciwo. Ta ce kai musamman kada a gaya maka. Ni ce na ga ba zan iya ba."

Ya nemi benci ya zauna. Wata ma'aikaciyar jinya ta wuce ta gaishe shi da sunansa, ya kasa ɗaga kai ya amsa. Ya so ya ce wa Nasiha ba haka yake nufi ba, sai ya ga babu wata ma'ana ta biyu a cikin abin da ya faɗa. Ranar bai shiga ɗakin ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya hango ƙafafunta a ƙarƙashin mayafi, ya juya.

Kwana takwas yana kai abinci ya ba Nasiha a baranda ya koma. Sakamakon gwaji ya fito, kansa ce, ta ɗan wuce bakin mahaifa amma ba ta kai nesa ba. Shima ya ce aikin tiyata ya wuce, sai a gasa tsiron da na'ura, a haɗa da magani, a Abuja.

A cikin makon ne samfurori shida suka iso ɗakin bincikensa daga asibitin, kamar yadda suka saba zuwa, kowanne da lamba, babu suna. Takardar da ke biye da su tana nuna shekaru da unguwa kawai. Na huɗu an rubuta hamsin da biyar, Azuba, ga dangwalen yatsa a wurin yarda. Ya daɗe yana kallon dangwalen. An tambaye ta ko ta yarda a yi bincike da naman jikinta, ta san wurin wa zai je, ta kuma dangwala.

Bai ba ɗalibi ba, da kansa ya yi aikin. Gwajin yana neman sassa biyu na ƙwayar cutar, E6 da E2. In ƙwayar tana nan yadda ta shiga, a zagaye kamar zobe, layuka biyu za su fito. Da yamma ya haska fitila a kan sakamakon. A lamba ta huɗu layin E6 ya fito ɓaro-ɓaro, wurin E2 kuwa babu komai. Ya ga irin wannan sau da yawa, da can har daɗi yake ji in ya gani, don yana ƙarfafa abin da yake rubutawa. Ya buɗe firiza don ya ajiye sauran, ya ga kwalaben da ya tara a jere, ɗari da arba'in da wani abu. Bai taɓa tambayar Shima ko ɗaya daga cikin matan nan me ya hana ta zuwa da wuri ba.

Washegari aka sallami Batulu kafin tafiya Abuja. Ya je Azuba da azahar. Wannan karon Nasiha ta ɗaga masa labule ya shiga, ita ta fita. Batulu tana zaune a bakin gado ta jingina da bango. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa a kan tabarma, abin da ya daɗe bai yi ba a gabanta.

"Sannu, Yaya."

"Yawwa, Muntaka. Ya aiki? Ya Muhibbat?"

Suka gaisa har gaisuwar ta ƙare. Yana neman inda zai fara, ta riga shi.

"Tunda ka riga ka ji, bari in gaya maka da bakina. Ina da shekara ashirin da ɗaya aka kai ni gidan Nababa. Ban san wani namiji kafinsa ba, ban san wani bayansa ba. In kana so a kawo Alƙur'ani, ga shi can a kan akwati."

Matar da ta yi masa wanka, ta goya shi zuwa gona, ita ce take neman rantse masa a kan wannan. Ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige.

"Yaya, don Allah kada ki rantse. Ƙarya na faɗa a rediyo."

Ta dube shi. "Kuskure ka yi, ko ƙarya?"

"Ƙarya. Na san gaskiyar tun kafin in buɗe baki."

Ta gyara zama a hankali, ta ɗora hannu a mararta. "To faɗa mini gaskiyar. Kada ka taƙaita, kada kuma ka yi mini kamar yarinya. Shekara nawa ina gaya wa mutane kana bincike, ban san a kan me ba. Yau abin yana jikina."

Ya fara da ƙyar, yana kallon tabarma. Ya ce ƙwayar ta yaɗu ƙwarai, mafi yawan ma'aurata sukan haɗu da ita, namiji yakan ɗauke ta bai sani ba, babu ciwo babu alama. A jikin yawancin mata, kafin shekara biyu jiki ya kore ta, ba su ma san ta zo ba. A jikin kaɗan ne take samun wurin zama.

"Daga Nababa ke nan."

"Tunda shi kaɗai ne, daga shi ne. Amma shi ma ba shaida ba ce a kansa. Ya yi aure kafin ke, kuma ko matarsa ta farko mai yiwuwa daga nata mijin na farko ta samu. Ba wanda zai iya bin sawun abin, kuma ba wanda ya sani a cikinsu."

"Shekara tara da rasuwarsa. Ina take duk wannan lokacin?"

Nan ne wurin da ya fi sani a duniya, amma bai taɓa faɗinsa da Hausa ba. Ya ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne suka haɗu suka yi shi, ƙwayar cutar kuma takan shiga cikin na bakin mahaifa ta zauna. Tana ɗauke da rubutaccen umarni na abubuwan da za a ƙera mata, amma ba ta iya karanta shi da kanta. Ma'aikatan jikin mutum ne, waɗanda ake kira furotin, suke zuwa su karanta su kwafa, suna zaton aikin gida ne. Wasu daga cikinsu suna hanzarta karatun, wasu suna danne shi. A cikin umarnin akwai abubuwa biyu masu haɗari, E6 da E7. Jiki yana da masu tsaro da ke hana ƙwayoyinsa hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba, su kuma waɗannan biyun aikinsu su kawar da masu tsaron.

"To me ya hana su tun farko?"

"Ita kanta ƙwayar cutar. Tana ƙera wani furotin nata, E2, wanda yake zama daidai wurin da ake fara karatun, ya tare hanya. Yakan kuma kama wani furotin na jikin mutum ya taya shi dannewa. Muddin yana nan, kaɗan-kaɗan ake yin waɗancan biyun. Ita ba kashe mutum take so ba, wurin zama take so. Haka za a iya shekara goma, ashirin, ba a ji komai ba. Amma wani lokaci umarnin nata yakan tsinke ya manne a cikin na mutum, kuma sau da yawa a kan E2 ɗin yake tsinkewa. Daga nan babu mai tarewa. Sai a yi ta karantawa ba tsayawa, masu tsaro su ƙare, tsiro ya fara."

"Na jikina ya tsinke?"

Ya ɗago kai. "Ya tsinke, Yaya. Jiya na duba."

Ta gyaɗa kai kamar an gaya mata farashin kaya. "Da na zo wata tara da suka wuce, da bai tsinke ba?"

"Da ya riga ya tsinke, wannan ya daɗe. Amma da tsiron bai kai haka ba. Wataƙila da tiyata ta isa."

Ya so ya sassauta maganar, ya ga ba shi da wannan damar kuma. Ta juya tana kallon taga. A waje wani mai keke yana ta danna oda.

"Duk wannan ka sani ranar da kake magana."

"Na sani."

"To me ya sa?"

"Mutane biyu sun zage ni. Na ukun ya girmama ni, sai na so ya ji daɗina."

"Ka san shi?"

"Ban san shi ba. Ko sunansa ban riƙe ba."

Batulu ta yi wata 'yar dariya marar sauti. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta ce ya miƙo mata ruwa, ya tashi ya zuba ya ba ta.

Kafin su tafi Abuja ya koma gidan rediyon. Halimat ta ba shi minti goma a ƙarshen wani shiri a kan zazzaɓin cizon sauro. Ya ce shi ne wanda ya faɗi kaza a wata kaza, kuma ba gaskiya ba ne, ya bayyana yadda abin yake. Mutum ɗaya ya kira, shi ma maganin basir yake tambaya. Muntaka ya fito ya san maganar farko ta yi nisan da ta biyu ba za ta cim mata ba. Nasiha ta gaya masa a layin su Batulu a kasuwa wasu sun riga sun yanke hukuncinsu, wata ma ta daina zuwa gaisuwa.

Mako shida suka yi a Abuja. Ya ɗauki hutu, ya kama musu ɗaki kusa da asibiti, shi yake kai ta gashi kullum da safe, shi yake riƙe mata roba in amai ya taso. Ba su sake tada maganar ba. A ƙarshe likitocin suka ce tsiron ya ja baya sosai, amma ba za a ce an rabu ba tukuna, sai ta riƙa dawowa duk wata uku.

A hanyar komawa, sun wuce Akwanga kenan, tana kwance a kujerar baya, ya ɗauka barci take yi.

"Muntaka."

"Na'am, Yaya."

"Wata ma'aikaciya a can ta ce mini akwai gwajin da ake yi wa mace tun tana lafiya, a gani kafin abin ya zama ciwo. Haka ne?"

"Haka ne. A Lafiya ma ana yi."

"Na gaya wa Nasiha, za ta je. Muhibbat ta yi?"

Ya rage gudun motar. Shekara goma sha biyu da aurensu, ya rubuta takardu a kan muhimmancin gwajin, ya yi jawabi a taruka, amma bai taɓa ce wa matarsa ta je ba. Kullum yana ganin in ya faɗa za ta ɗauka yana zarginta, ko ta fara zarginsa.

"Ba ta yi ba," in ji shi.

"To ka sauke ni, ka wuce gida ka gaya mata. Yau, ba gobe ba. Kada ka aiko ta wurina in yi maka aikinka."

Ya sauke ta a Azuba, Nasiha ta fito ta kama ta suka shiga. Da ya isa gida ya tarar da Muhibbat a bayan kicin tana tsince wake. Ta yi masa sannu da hanya, ta tambayi jikin Yaya, ta ce ruwan wanka yana kan wuta. Ya ce wankan ya jira. Ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna kusa da ita, ya ce akwai maganar da ya kamata ya yi mata tun shekarar da suka yi aure. Ta ajiye faifan a gefe ta juyo tana saurarensa.